Baƙon da ya kawo wa Baba kifi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zafin Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Kazaure lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke taɓa shi.

Ranar Juma'a wani mutum ya yi sallama, wai daga Babura. Ya ce mahaifinsa, wai shi Ɗanjuma, na cikin waɗanda Baba ya tsamo daga teku lokacin yaƙin basasa, ranar da aka harbi jirginsu. Wai so yake a ba shi aron lambar yabon Baba, ya kai wa tsohon ya taɓa kafin ya cika.

Yaya, hankalina bai kwanta ba. Tsarabarsa busasshen kifi ce, wai mahaifinsa ya ce Baba ba shi da abin so kamar kifi. Kifi fa! Mutumin da tun da ya bar sojan ruwa ko warinsa bai yarda ya shigo gidan nan ba.

Na ce, "Malam, wace unguwa kuke a Babura?" Sai ya hau yabon Baba.

Na ɓoye lambar cikin buhun gero. Amma ga abin da ya ɗaure min kai: Baba ya sa hannu ya ci kifin nan, yana hawaye.

Jibi mutumin zai dawo. Don Allah, Baba ya taɓa ambata maka wani Ɗanjuma?

A sa mu a addu'a. Gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hajara