Laffayar da Ban Turara Ba

Ajilari, Maiduguri.

Zuwa ga ƙanena Ajimi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka a Legas, da aikin jirgin ruwan naka. Mu nan alhamdu lillahi. Na gaishe ka ne don zumunci ya wajabta, ba don raina ya so ba.

Ka daina kiran wayata, ba zan ɗauka ba. Tun muna yara bakinka ya fi nawa zaƙi, shi ya sa na zaɓi takarda, inda ba ka da damar katse ni.

Ajimi, me na tsare maka? 'Ya ɗaya ta rage mini, Siddiƙa. Ta gama jami'a ina murna za ta zauna kusa da ni, sai ka je ka nemo mata gurbin karatu a Afirka ta Kudu, wai ta shiga jirgi tsakiyar teku tana bin kifi. Kifin ma ba na ci ba! Tunda ka fara turo mata bidiyon nan gidana ya koma aji. Ina dakan turare ana yi mini karatun wel, ina tace humra ana yi mini karatun dolfin. Wai ba ma kifaye ba ne, numfashi suke yi kamar mu, har da shayar da nono. Wai babbansu, shuɗin, ya kusa tirela biyu a tsawo, harshensa kaɗai nauyin giwa ne, amma ko haƙori ɗaya ba shi da shi. Ruwa yake kamfata ya tace ta wani abu mai kama da tsintsiya, ya haɗiye wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ba su kai fara ba. Ƙaton banza ke nan. Na ce mata ni wanda na sani shi ne wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, ita kuwa ba annabiya ba ce balle a amayo mini ita da rai.

Mahaifinta ya ce magana tana hannuna, ita kuma ta rantse ba inda za ta sai da yardata. To ka ji da kyau, ban yarda ba.

Ka gai da matarka, ita ba ta yi mini komai ba.

Yayarka,
Kaltum.

Ajimi,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ba lafiya nake ba, kuma kai ne sila.

Shekaranjiya dangin wata amarya daga Shehuri suka zo sayen turaren wuta. Ina yaba musu ambar, sai ga malamar taka Siddiƙa ta tsoma baki. Wai ambar na asali daga hanjin wel yake fitowa, wani mai ƙaton kai da haƙora, wanda ke nutsawa can ƙasan teku yana cin wata halitta mai hannaye barkatai da baki irin na aku. Wai bakin ne ba ya narkewa, sai cikinsa ya lulluɓe shi da maiƙo, daga baya ya fitar. A gaban baƙi fa! Uwar amarya ta ajiye kwalbar tana goge hannu da mayafi. Sana'ar da na gada wurin mahaifiyarmu, yau an mayar mini da ita kashin kifi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Bidiyon da ka turo jiya shi ne ba zan yafe ba. Na ga baƙar dabbar nan mai fari a ƙasan cikinta, wadda Siddiƙa ta ce ita ce babba a dangin dolfin, masu farauta a garke suna yaga duk abin da suka samu. Na ga uwar tana ture mataccen ɗanta da goshi. Ya nutse ta ɗago shi, ya sake nutsewa ta sake ɗagowa, kwana da kwanaki ta ƙi sakinsa. Siddiƙa ta ce ka ce a nuna mini don in san suna da tausayi.

Kai Ajimi, anya kana da hankali? Ka manta shekarar da ruwan madatsar Alau ya ci gari? Kana can kan tekunka lokacin da na fito daga tsohon gidanmu na bayan Kasuwar Kwastam, ruwa iya wuya, goye da autata Ammatullahi tana zazzaɓi. Tana ta kuka a bayana, can sai na ji shiru. Na san wannan shirun, amma ban kwance majanyi ba. Haka na yi ta tafiya ina jijjiga ta har muka hau tudu, mata suka taru suka ɓamɓare ta daga jikina da ƙarfi. Ni za ka koya wa abin da uwa take yi da gawar ɗanta a cikin ruwa? Ko kofin ruwa na ɗauka sai na tuna, kai kuma kana so in miƙa wa teku wadda ta rage.

Na tsane ka a yau, wallahi, kuma ban ji kunyar rubutawa ba. Kada ka sake turo komai gidana.

Kaltum.

Zuwa ga Ajimi,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya a wajenku. Kada ka ga takarda ka ɗauka sulhu ne.

Ka ci nasara, sai ka zuba ruwa a ƙasa ka sha. Amma ka sani ba kai ka sauya ni ba, ba kuma dabbobinka ba.

Bayan na yi wancan faɗan, Siddiƙa ta goge bidiyon duka, ta durƙusa ta ce ta haƙura. Na yi hamdala. Ta zauna tana taya ni daka, tana wanke kwalabe, duk abin da na ce sai ta ce to. Ba wel, ba dolfin, ba dariya. Wata ya shuɗe a haka. Rannan da hantsi muna jiƙa itacen turare, ina gaba tana bayana, na yi ta surutu ni kaɗai, sai na lura ba a amsawa. Na taɓa jin irin wannan shirun a bayana. Na juya a firgice na ganta a zaune, ido buɗe, tana kallon bango. A nan na gane na sake goya wata, na ɗaure tamau ina jijjigawa. Wannan karon ban jira mata su taru ba, da hannuna na kwance.

Kwalbar humrar da na haɗa tun Siddiƙa tana 'yar yaye, na ɓoye don ranar aurenta, ita ce kaɗai abin da na tsira da shi daga ruwan, domin tana ɗakin ƙawata a Ajilari. Na buɗe ta jiya. Na kifa kabbasa, kwandon turara kaya, a kan kasko na turara kayanta ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa amare, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar waye angon. Na ce teku ne. Siddiƙa ta yi dariya har da hawaye, ta soma ba ni labarin wani wel mai waƙa a ƙarƙashin ruwa, na ce ta rufe mini baki.

Laffaya ɗaya ce ban turara ba, koriyar da take yawan sawa a gida. Ban wanke ta ba kuma, na ninke na sa a ƙarƙashin matashina. Turare ina da shi buhu-buhu, ƙamshin jikinta ne ba na iya haɗawa.

Ranar Asabar za ta sauka Legas. Ka tare ta da kanka, kada ka aiko kowa. Ka saya mata rigar nan da ke hana nutsewa, mai kyau, ka gwada a jikinta kana gani. Idan ta dawo mini da ƙafarta, na yafe maka har da bidiyon. Idan kuwa laffayar nan ce za ta rage mini, kada ka zo ta'aziyya, Ajimi, ba zan buɗe maka ƙofa ba.

Allah Ya tsare ta. Kai ma Ya tsare ka, tunda a hannunka take.

Yayarka,
Kaltum.