Kukan Iya Dabora

Lahadi, 1 ga Yuli 1984

Fasto Amos ya tafi Tasawa bin layin hatsin agaji da sojoji ke rabawa, saboda haka ni na hau mumbarin majami'armu ta Korgom. Na gabatar da nazari mai zurfi, irin wanda na samo a makarantar tauhidi: rai shi ne mazaunin shauƙi da tsoro da hawaye, ruhu kuwa shi ne yake saduwa da Allah. Na tabbatar musu cewa sujadar kuka ta rai ce kawai, ba ta wuce rufin ɗaki. Mutum goma sha bakwai, babu wanda ya yi gardama. Ina jin ba a taɓa yin irin wannan wa'azi a ƙasar nan ba.

Lahadi, 8 ga Yuli

Shuka ta uku ta ƙone. Iya Dabora, tsohuwar da ke jan addu'ar roƙon ruwa da kuka tun ban san hannuna na dama ba, ta zauna a baya, bakinta rufe. Addu'ar ta fito da tsari.

Juma'a, 13 ga Yuli

Iya tana kwance, zawo da zazzaɓi.

Litinin, 16 ga Yuli

Ɗiyarta Altine ta tare ni a bakin rijiya, ko gaisuwa babu. Wai Iya ta ƙi yin addu'a kwata-kwata. Cewa take duk sa'ad da ta buɗe baki hawaye ke riga magana, kuma mai ilimi ya ce irin wannan ba ta isa sama. “Shekara arba'in tana kuka gaban Ubangiji, Gidiyon. Yanzu tsoron mutuwa take ji, wai za ta je hannu wofi.”

Na kwashe yini ina bincika littattafan makaranta. Bambancin rai da ruhu yana nan, ban ƙirƙira ba. Amma babu inda aka ce ni ne mai awon addu'ar mutane. Idan ta rasu a haka fa?

Talata, 17 ga Yuli

Na isa ƙofar gidan Iya, na juyo.

Alhamis, 19 ga Yuli

Na shiga. Ta zama ƙashi da fata. Na shirya bayani mai sassa uku, ta katse ni tun a na farko.

“Ɗana, mi za ni yi? Koya mani ta ruhun, ko kaɗan, kafin in tafi.”

Na durƙusa don in nuna mata. Na ce “Ya Uba,” sai hawaye suka riga magana. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi ba. Gajiya ce da yunwa, ina tsammani. Ita dai ta ɗora hannu a kaina, ta karɓi addu'ar daga inda na tsaya, da tsohuwar muryarta, har maƙwabciyarsu Furera ta leƙo ta kan danga.

Altine ta ce in dawo gobe da hantsi. Ban ce a'a ba.