Ƙwarangwal a Lambun Mamarki

Zuwa ga Marisela, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko a kan gonar masara, furen da ke buɗewa a tsakiyar ƙaya ba tare da ya nemi izinin kowa ba!

Bayan gaisuwa irin ta wanda aka rufe wa ƙofa yana tsaye da hularsa a hannu. Na kira wayarki har ta gaji da ni. Na zo shagonku na tortiya, gurasar masarar nan tamu, ƙanwar mamarki ta leƙo ta ce ba kya nan, alhali ina hango gashinki ta bayan buhunan gari, baƙi wuluk kamar hadarin da ya taso daga tafki. Shi ya sa na koma ga biro da takarda. Ki karanta kafin ki jefa a tanda, ya ke zumar rayuwata, domin ranar Litinin motarmu za ta bar Chicago ta nufi kudancin Texas, kuma ba na so in sa fushinki a jaka ɗaya da shebur ɗina.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Na shigo sayen tortiya, kika miƙo mini ƙunshi mai ɗumi, wuyan rigarki ya ɗan zame. Ni da na yi shekara da shekaru ina ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, na ga na tsofaffi, na ga na 'yan ƙwallo, sai na ji bakina ya ce, "Baiwar Allah, ban taɓa ganin ƙashin wuya mai tsari irin naki ba." Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Kai likita ne ko mahauci?" Na ce ko ɗaya. Kika ce, "To matsa, akwai mutane a bayanka." Wayyo ni! Tun daga ranar nake ta matsawa, amma duk inda na matsa sai in ga kusa da ke na ƙara zuwa, kamar kogin da ya ɗauka yawo yake yi, ashe teku ce ke jan sa.

Kin san aikin da za mu je yi, ko da yake duk sanda na ɗauko zancen sai ki ƙara muryar rediyo. Akwai maƙabarta a wani ƙaramin gari inda aka binne mutanenmu da aka tsinto a dajin makiyaya, waɗanda suka tsallako iyaka ƙishirwa ta tare su a hanya. Ba suna, ba mai kuka a kansu. Farfesa Brandvold da ɗalibanta za su tono su, a duba ƙashi, a ɗebi samfur a gwada da na dangi, ko Allah zai sa kowa ya koma wurin nasa. Ni ɗan sa-kai ne kawai, nawa tono ne da tankaɗe ƙasa da ɗaukar bokiti, sai yi wa iyalai tafinta. Amma ranar da matar nan ta tara mu, ta cire tabarau ta ce, "Duk wanda ya sume mini a rana, a nan zan bar shi, tunda dama rami a buɗe yake." Marisela, ba ta yi murmushi ba!

To me kike so in yi, tauraruwata? Dole in shirya. Ke shaida ce na zauna gefen tandarku da rigunan sanyi biyu da hular ulu don jikina ya saba da zafi, har wata tsohuwa ta ɗora mini hannu a ka ta yi mini addu'ar masu jinya. Na sayi sulken ƙafa na maganin saran maciji, na je da shi bikin ɗiyar kawunki don ya yi laushi, muna rawa yana ƙwaram-ƙwaram kamar an ɗaura wa akuya gwangwani. Na koya wa cikina shan ruwa har na riƙa fita fitsari ana tsakar huɗuba, Fada ya tare ni a bakin coci yana tambaya ko da wani abu a wa'azinsa da ke sosa mini rai. Duk waɗannan kin yi dariya, dariyar nan taki mai kama da ƙanƙarar tafki tana fashewa a farkon bazara. Ina ta tafi yanzu? Wa ya sace mini ita?

Na sani. Don Fulgencio ne.

Ki yi mini adalci, ya sarauniyar zuciyata. Yaya mutum zai je tono alhali bai taɓa tono ba? A saman bene nake zaune, ƙasar da na mallaka duk duniya ita ce ta cikin tukunyar fure. Shi kuwa Don Fulgencio, ƙwarangwal ɗin roba da ke rataye a ɗakin koyarwa na asibitinmu, wanda nas-nas suka raɗa wa suna, zaman banza yake yi. Kuma na faɗa miki! Kina tsaye gaban injin murza ƙullu, na ce, "Zan ari lambunku in binne Don Fulgencio," kika ce, "To, to." Ni kuwa "to" ɗinki a wurina ta fi dokar ƙasa.

Ranar Asabar kuna shago na shiga na binne shi da mutunci a jikin shinge, na kafa turaka, na ja zare murabba'i-murabba'i yadda Farfesa ta koya mana. Niyyata in dawo Lahadi bayan coci in tono shi a hankali da burushi. Wa ya san safiyar nan ce mamarki, Donya Amparo, za ta zaɓa don dashen barkononta? An ce da ta ga zaren har daɗi ta ji, ta ce wa maƙwabcinku ta kan shinge, "Ashe yaron nan yana da amfani, dubi kunyoyin da ya yi mini." Sara ɗaya, sara biyu, sai ga ƙoƙon kai yana yi mata murmushi. Maƙwabcin, Mista Kowalczyk, bai ko tsaya ajiye kofin shayinsa ba ya kira 'yan sanda.

Sauran a gabanki aka yi, amma ki ji shi daga wajen wanda ya sha. Na iso cikin kayan coci, shebur a kafaɗa, rariya a hannu, safar hannu tana leƙowa daga aljihu. Ɗan sandan nan mai ƙaton wuya ya tare ni ya ce, "Ka san mamacin?" Ni kuwa iyayena ba su koya mini ƙarya ba, na ce, "Ƙwarai kuwa, ni na binne shi jiya." Ya ce, "Kai kaɗai?" Na ce, "Ai ba shi da nauyi." Ban san ankwa tana da sanyi haka ba, masoyiyata! Da ba don abokiyar aikinsa ta lura da ƙugiyar ƙarfe a tsakar kan mamacin ba, da tambarin ƙirar China a ƙugunsa, da yanzu daga kurkuku nake rubuto miki. Suka yi dariya har da riƙe ciki, amma duk da haka suka sa shi a jaka suka tafi da shi, wai shaida ne. Har yau yana tsare. Asibiti na nemansa a wurina, ni ina neman belinsa.

Duk unguwa ta yi dariya, ban da mutum biyu. Na juya sai na ga mahaifiyarki zaune daɓas a ƙasa, hannun hagun Don Fulgencio da ya ɓalle yana kan cinyarta, tana bin sa da babban yatsa ƙasa da gwiwar hannu, a hankali, tana komawa tana sakewa. Daidai wurin da yayanki Gilberto ya karye yana yaro. Gilberto da ya kira daga bakin kogi shekaru da suka wuce ya ce a makon zai tsallako, shiru har yau. Ta san Chicago ba ta kusa da iyaka, ta san roba ce, amma yatsanta bai sani ba. Sai kika dube ni. Wannan kallon, Marisela, da a ce zaɓi aka ba ni, da na ce a mayar mini da ankwar.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Ranar Alhamis aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Donya Amparo ce, ta hawo benen nan da gwiwoyinta masu ciwo. Kafin in gaishe ta ta cire silifa ta hau ni da duka, ta rama wa kowane dashen barkono da aka tattake, tana cewa, "Wannan na zaren ne! Wannan na maƙwabta ne!" Da ta gaji ta zauna, ta ce in ba ta ruwa. Can sai ta ce, "Kai mahaukacin Allah, tsinken audugar nan na gwajin dangi da kake ta damun mutane da shi, yana da zafi?" Na ce, "A'a Donya, a cikin kumatu ake gogawa." Ta ce, "Idan na bayar, na ce ya mutu ke nan?" Na ce, "Kin ce kina nemansa ke nan." Ta daɗe tana juya kofin a hannunta. Matar da duk shekarun nan take cewa ɗanta yana wata gona inda waya ba ta kamawa, sai ga ta tana faɗa mini haƙorinsa na gaba da ya gutsure, da kan bel ɗinsa mai hoton doki. Sannan ta nuna ni da silifar ta ce, "Kada Marisela ta ji. Tana gani ita ke lallaɓa ni, ni kuwa ita nake lallaɓawa."

Ga shi na faɗa miki, kuma na san ɗaya ƙafar silifar tana jirana. Na faɗa ne domin ranar Asabar masu karɓar samfurin iyalai za su zauna a zauren cocinmu, kuma na uwa da na ƙanwa in an haɗa sun fi na uwa kaɗai ƙarfi. Ta yi niyyar zuwa ita kaɗai, da gyalenta mai kyau, ta ce muku kasuwa za ta. Ina roƙonki, ya inuwar da nake gudu zuwa gare ta, kada ki bari ta buɗe baki gaban baƙi babu hannunki a cikin nata. Ba sai kin yi mini magana ba. Zan tsaya can baya wajen kujeru, in kin so ma in juya wa bango fuska.

Ba zan yi miki alkawarin samo shi ba. Dajin yana da faɗi, waɗanda ya ci suna da yawa, kuma sakamakon gwaji yakan ɗauki lokaci mai tsawo. Kuma tsoro nake ji. Duk ƙashin da na taɓa gani a rayuwata, mai shi yana kwance a gabana yana mita cewa tebur ya yi sanyi. Waɗannan ba za su yi mita ba.

Da Donya Amparo za ta sauka, ta tsaya a kan matakala, ba ta juyo ba ta ce, "Idan ka tono ɗan wata, ka gaya masa uwarsa ba ta yi fushi ba da bai kira ba." Zan faɗa wa kowannensu, da murya, ko Farfesa za ta ce rana ta taɓa mini kai. Amma idan wata rana na share ƙasa da burushina na ga tsohuwar karaya a hannun hagu, saƙon uwa kaɗai gare ni. Ke ce ƙanwarsa. Ki aiko mini da naki kafin Litinin.

Naki a rana da inuwa, ko kin amsa ko kin yi shiru, yau da gobe da ranar da ba a ƙara kirga kwana,

Evaristo