Direban Bas Mai Lamba 27 da Alluran Wuyansa

Zuwa ga: Shugaban Sashen Ma'aikata, Hukumar Motocin Bas
Daga: Matar direban bas mai lamba 27
Kwanan wata: 9 ga Mayu
Game da: Dakatar da maigidana daga tuƙi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto a madadin maigidana, wanda ya ce bakinsa ya gaji. Ni ma na gaji, amma dole wani a gidan nan ya yi magana.

1. Shekara goma sha tara yana riƙe da sitiyarin hukumarku. Shida daga ciki ya yi su da wuya a sandare, kafaɗa kamar an ɗora masa buhu, ga ciwon kai. In zai duba madubin gefe, sai ya juya gaba ɗayansa. Ƙwayoyin da yake sha suna kashe masa jiki, har a danja yake cizon leɓe don kada gyangyaɗi ya sace shi da fasinja sittin a baya. Duk shekara fom ɗin lafiya na zuwa, ya rubuta lafiya lau, kowa ya sa hannu.

2. Ranar 4 ga Janairu likita ya tura shi sashen da ake tsira siraran allurai a wuya da kafaɗa, jinya irin ta Sinawa. Mutumin da ko allurar rigakafi sai na riƙe masa hannu, sai ga shi kwance rub da ciki kamar bushiya. Bayan zuwa takwas ya ajiye ƙwayoyin. Ranar da ya waiwayo ya dube ni ba tare da ya ja kujera ba, sai da na yi hawaye.

3. Ranar 12 ga Maris murna ta ɗebe shi, ya rubuta gaskiyar ciwon da ya yi fama da shi a fom, ya haɗa da takardar likita. Ranar 15 aka karɓe makullinsa, wai mai yawan ciwon kai ba ya tuƙi. Ba wanda ya duba shi.

4. Tun daga ranar yake wuni a bencin gareji, kai a sunkuye, wuyan ya fara komawa gidan jiya. Na rubuto ranar 2 da 20 ga Afrilu, magatakarda ya ce fayil ya hau sama. Abokan aikinsa kuwa sun ɗauki darasi, kowa ya ja bakinsa da ƙwayarsa a aljihu. Wani ma ya ba shi shawarar ya bar allurai, ya koma ƙwaya, ya cike sabon fom. Jiya na ga kwalin ƙwayar a jakar maigidana, kuma wallahi tsoro ya kama ni.

Saboda haka ina roƙon Yallaɓai, cikin ladabi, ya sa likitan hukuma ya duba shi, a mayar masa da makullinsa. In kuwa hukuma ta fi son direba mai gyangyaɗi, a taimaka a sanar da ni a rubuce, in san motar da ba zan ƙara sa 'ya'yana a ciki ba.

Allah ya ƙara girma. A huta lafiya.

Taku mai biyayya,
Matar direban bas mai lamba 27
(sa hannu)