A Kashe Inji a Layin Mama Jummai: Ta'aziyyar Elisha Kefas

Daga Ofishin Uban Ƙungiya,
Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Magoya Bayan 'Yan Tseren Babur, Shiyyar Kaduna ta Arewa.

Zuwa ga iyalan mamaci, da 'yan ƙungiya, da al'umma baki ɗaya.

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, ni, Alhaji Dakta Ja'afaru Audi, Uban Ƙungiya, Shugaban Kwamitin Amintattu, Garkuwan Matasan Kinkinau, kuma mai bayar da kofin ƙarshen shekara, a madadin shugabanni da dattawa da ɗaukacin magoya baya maza da mata, nake sanar da samun labari mai ɗaci na rasuwar gwarzonmu, abin alfaharinmu, Elisha Kefas, wanda filin tsere ya fi sani da Lamba Bakwai. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Abin ya faru ne da yammacin Lahadin da ta gabata, a filin tserenmu da ke bayan Rafin Guza, a zagaye na ƙarshe, yana kan gaba, mai bi masa ko ƙurarsa bai kamo ba. Ruwan da aka tafka kafin ranar ya zaizaye kwanar nan ta gindin mangwaro, tayar gaba ta faɗa ramin, babur ya tsaya cak, shi kuwa bai tsaya ba. Yana sanye da hular kwanonsa, a ɗaure tamau, kada wani ya zauna a teburin mai shayi ya ce ganganci ne. Wuyansa ne ya karye. An sa shi a Keke Napep, kansa a kan cinyar ƙanensa Victor, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Mutanen da ke ɗaya gefen filin ba su ga faɗuwar ba, suna ta kaɗa riguna suna kiran Bakwai, Bakwai, alhali wanda suke kira ya riga ya daina ji.

Marigayin ɗa ne ga marigayi Malam Kefas, tsohon direban gwamnati, da Mama Jummai, malamar firamare mai ritaya, haifaffen Unguwar Kanawa, bakaniken da ba a taɓa mayar masa da aiki ba. Kowa ya san yadda wasan babur yake a garin nan kafin ya tsaya a kansa: a kan kwalta ake yi, ranar ɗaurin aure, a tsakiyar mata da yara, a kai amarya a dawo da mai karaya. Shi ne ya bi ƙofa-ƙofa har ya samo mana fili, ya shiga gaba da shebur aka share shi, ya tattaro tsofaffin tayoyi daga wajen masu faci aka jera a gefe. Shi ya kafa dokar ba hula ba tsere, kuma bai ɗage wa kowa ita ba. Ɗan cikina, Jamaluddeen, ya taɓa zuwa da sabon babur da tabarau ba hula, Elisha ya cire makullin ya miƙa masa a hannu, ya nuna masa hanyar gida a gaban 'yan mata. Yaron ya yini yana kumbura kamar fanke a mai, amma ga shi nan yau da kansa a wuyansa.

Haka nan marigayin shi ne ya tsara cewa ba a buga tsere ranar Lahadi sai an taso daga coci, kuma da an kira La'asar a kashe kowane inji. Shi da ba sallar yake yi ba, shi ke zama a kan taya yana gadin takalman masu yi, duk da cewa wasu takalman ko a kyauta ɓarawo ba zai ɗauka ba. Ya ci kofi har ya gaji da ɗauka, bai taɓa yi wa wanda ya kayar dariya ba, sau da yawa ma shi ke kwana biyu yana gyara masa babur don a sake karawa. Ofishin nan ya kuma lura da yawan waɗanda suka fito yanzu suna cewa su suka koya masa tuƙi, har da waɗanda ko a keken hawa sai an riƙe musu baya. Allah Ya shirye su.

Sai dai ya zama wajibi Ofishin nan ya faɗi abin da ba a saba sawa a takardar ta'aziyya ba. Al'adarmu ce idan ɗan tsere ya yi nasara mu raka shi har ƙofar gida, mu tsaya a jere mu yi ta murɗa totur sai unguwa ta amsa. Ba mu san wata hanyar girmama mutum ba sai wannan. Yawancinmu kuma mun saba a binne namu a ranar, kowa ya zuba ƙasa ya samu abin yi da hannunsa, to ga gawa a mutuware ana jiran dangi su hallara, sai zaman ya gagare mu. Da safiyar Litinin 'yan ƙungiya suka taru, suka buɗe garejin marigayin, suka fito da jan babur ɗinsa, ba na tseren ba, wanda yake komawa gida da shi kullum, wanda ya yanke wa salansa da kansa har babu mai irin kukansa a Kaduna, suka sa shi a gaba, suka nufi Unguwar Kanawa.

Mama Jummai tana zaune a tsakar gida cikin matan zumuntar cocinsu. Ta riga ta ga gawar ɗanta da idonta, ta taɓa fuskarsa. Amma da kukan jan babur ya karyo kwanar layinsu, sai ta miƙe ta ture matan da ke riƙe da ita, ta fito a guje ba takalmi ba ɗankwali, tana cewa a buɗe masa ƙofa, ya dawo. Ta tsaya a tsakiyar layi tana leƙa fuskokin da ke cikin hulunan kwano ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai na ƙarshen da idonta zai iya kaiwa, sai ta zauna a ƙasa. Na baya ba su ga abin da ke faruwa ba, suka ci gaba da murɗa totur a kanta.

Duk da haka, labari ya iso Ofishin nan cewa ana shirya wanda ya fi wannan. Wai ranar Asabar, da za a ɗauki gawa zuwa ƙauyensu da ke bayan Kachia, za a yi ayarin babura tun daga mutuware, a haye gada, ana ɗaga tayar gaba ana wasa a kan babban titi, kuma Victor ne zai ja gaba a kan jan babur, sanye da rigar Lamba Bakwai. Victor yaro ne da ya gama sakandare yana jiran shiga makaranta ta gaba, iyakar tuƙinsa aiken kasuwa. Ya amsa ne don kunya, domin ba shi da bakin da zai ce a'a ga taron maza suna kiransa da sunan yayansa. 'Ya'ya biyu Allah Ya ba Mama Jummai. Ta gaya wa matan zumunta cewa ba ta da ƙarfin faɗa da mu, roƙonta kawai a bar mata ɗayan.

Saboda haka, da ikon da kundin tsarin ƙungiya ya ba ni, na soke wannan ayari. Duk mai zuwa gaisuwa ya kashe injinsa tun daga bakin titi, ya sa makulli a aljihu, ya turo babur da hannu, wanda turi ya fi ƙarfin tumbinsa ya zo a ƙafa. A mayar da jan babur gareji a lulluɓe shi. Mai son raka gawa ya shiga bas kamar kowane mai hankali. Kada in ƙara jin an kira Victor da Bakwai, sunansa Victor. Wanda kuma hannunsa ke ƙaiƙayin aiki, ga kwanar gindin mangwaro can har yanzu da raminta, ya ɗauki shebur. Duk wanda ya saɓa, ya ɗauka ya kori kansa daga ƙungiya.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarmu, Mama Jummai Kefas, da ƙanenmu Victor, da dangi na nan da na ƙauye, da limaman cocinsu da matan zumunta, da abokan aikinsa na gareji, tare da neman gafarar abin da muka yi ranar Litinin. Elisha ya koma ga Ubangijin da Ya halicce shi, Shi Ya fi mu sanin alherinsa. Allah Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, Ya ba ta juriyar da babu mai bayarwa sai Shi, Ya raya mata wanda ya rage, Ya sa shi ne zai binne ta bayan tsawon rai, ba ita za ta binne shi ba. Amin.

To, a nan Alhaji ya tsaya, domin dama bai fara ba. Yana can ƙasar waje wajen sarin kaya, wayarsa ba ta shiga, bai san da wannan takarda ba. Daktan ma ni na ƙara masa. Ni ne Isa, mai riƙe lasifika a fili, wanda ke kwaikwayon muryoyinku kuna bina da jifa, wanda Elisha ke kira Alaramma ina kiransa Fasto. Allo kaɗai na yi, bokon nan a waya na tsince shi. Na san da sunana kuka gani a sama, da tun layin farko kun fara neman inda abin dariyar yake. Niyyata in bar ta da sunan Alhaji har ƙasa, amma da na zo kan addu'a sai hannuna ya ƙi. Ba zan roƙa wa uwar mamaci Allah da sunan aro ba.

Na san yanzu dokar ta zube. Ba ni da kundi, ba ni da kofi, ko kare ba zan iya kora daga ƙungiya ba. Saura roƙo, kuma wallahi wannan karon ba tsokana ba ce. Ni ina wajen ranar Litinin, na ga ƙafafunta a cikin kwata. Victor, idan sun zo maka da rigar, ka ce Isa ne ya ɓata shiri, su zo su same ni, na saba shan duka a kan abin da bai kai wannan ba. Kai dai ka shiga motar gawa ka zauna kusa da Mama.

Alhaji, ranka ya daɗe, idan ka sauka ka ga abin da na yi da sunanka, duk hukuncin da ka yanke na ɗauka. Ka dai bari sai yaron nan ya dawo daga ƙauye da ƙafafunsa.

Sa hannu:
Isa Rafin Guza,
Mai riƙe lasifika, ɗan ƙungiya kawai.