Ƙahon Kaka a Aji Biyar

Kagoma, 9 ga Fabrairu, 1993

Zuwa ga ɗana Azariya, a Jere,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aiki, yaya Emilia da yara? Mu nan muna lafiya, sai gwiwata. Ƙanwarka Lai'atu ce ke rubutu, na kuma gaya mata kada ta gyara mini magana.

Wasiƙarka ta iso. Ka ce a cire ɗanka Meshak daga kwalejin malamai a kawo maka shi ya zauna a shago. Ba zan kawo shi ba. Yana shekara biyar, bai fara magana ba, ka sauke shi a ƙofata ka ce za ka dawo da Kirsimeti. Kirsimeti goma sha bakwai ke nan. Surukarka ta ce iska ce ta taɓa shi. Likitan Jos ya ce sunan abin otizim, ya ce ba hauka ba ne, haka Allah ya gina kansa. Ni da ban je makaranta ba na riga likita sani. Yaron da ba ya kallon idon mutum, amma idan mawaƙan coci suka kauce ko kaɗan sai ya toshe kunne, wannan ba wawa ba ne.

Abin da ka ji gaskiya ne, ba na ɓoyewa. Kwaleji ta tura shi gwajin koyarwa a firamare ta kusa da mu, aji biyar, yara sittin da uku. Ranar farko suka ga ba ya kallonsu, suka fara buga benci. Ya toshe kunnuwa ya fita, ya zauna gindin mangwaro yana kaɗa jiki har aka tashi. Saura mako uku malamarsa ta zo duba shi. Idan ya faɗi, babu takardar malanta, shekara uku na karatun waƙa sun tafi. Ka bari ya faɗi tukuna kafin ka shirya masa kujera. Shago kuma a bakin hanyar Abuja, inda tireloli ke ihu? Ka taɓa ganin abin da hon yake masa?

Ka gai da Emilia. Maganin gwiwar da ta aiko bai yi komai ba.

Ubanka,
Kumai

Kagoma, 21 ga Fabrairu, 1993

Ɗana Azariya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata zazzaɓin ƙaraminku ya sauka. Ba ka amsa ba, amma zan ba ka labari ko ba ka tambaya ba.

Ɗanka ya roƙe ni ƙahoninmu bakwai da ke rataye a rumbu. Na hana. Ka san dalili. Kana goye aka tsayar da ni a ƙofar coci shekara guda cur, domin na busa su a jana'izar ubana, wai kayan tsafi ne. Yanzu kuma waɗanda suka tsayar da ni ne ke kaɗa gita a gaban bagade. Na rantse ƙahonin ba za su ƙara fita daga gidan nan ba. Ban da haka, ba a ba yara, balle 'yan mata.

Bai yi gardama ba, ba ya yi. Ya ɗauki zare ya auna kowane ƙaho, ya busa sau ɗaya ɗaya, ya tafi rafi ya saro gora. Kwana huɗu yana zaune bayan ɗaki yana yanka yana fiƙewa, ya busa, ya sake fiƙewa, abincinsa na sanyi a gefe. Lai'atu ta tambaye shi me yake yi. Ya ce ƙahonin Kaka kowane murya ɗaya gare shi, kuma mai busawa dole ya yi shiru ya saurari na kusa da shi kafin lokacinsa ya zo. Ya ce yaron da ke jiran lokacinsa ba zai buga benci ba. Ni ban taɓa koya masa wannan da baki ba. Ya dai ji ni ina rera waƙar ƙahonin a gona.

Ranar Talata ina dawowa daga duba doya na bi ta bayan makarantar. Ban tsaya ba, takalmina ne ya kwance. Azariya, waƙar jana'izar kakanka ce ke fitowa daga bakin yara, har da 'yan mata. Amma babu ƙasa a cikinta. Babban ƙahon da muke kira uwa, gora ba ta iya muryarsa. Tun daga ranar, kowace safiya Meshak yakan tsaya a ƙofata, idonsa a kan bango, ya ce uwa ba ta nan. Kalma huɗu, ba ƙari. Ni kuma in ce masa ta zauna inda take.

Lai'atu tana dariya tana rubutu. Na ce ta daina.

Ubanka,
Kumai

Kagoma, 4 ga Maris, 1993

Ɗana Azariya,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali. Allah ya sa kuna lafiya kamar yadda muke.

Rantsuwata ita ce ƙahonin ba za su fita ba. Ban ce ɗaya ba zai fita ba. Ban kuma ba kowa ba, ni na riƙe abina. Ka gaya wa duk mai son surutu haka.

Malamar ta zo ranar Talata, sunanta Hellen, siririya mai tabarau. Aka ba ta kujera, ni aka sa ni benci na baya, gwiwata a haɓata. Meshak ya shigo bai gai da kowa ba. Ya riga ya zana layi shida a ƙasa da alli, kowane yaro ya san layinsa da gorarsa. Ya juya musu gefe, ya ɗaga sanda. Ajin nan ya yi tsit har ina jin awaki a waje. Sanda ta nuna layi, layi ya busa. Da aka zo wurina na busa uwa, ƙurar shekaru ta fito, wata yarinya ta yi atishawa.

Sai ya sauke sanda. A gaban yara sittin da uku da baƙuwa ya ce Kaka ya shigo da wuri. Ni! Na busa uwa tun kafin a haife ka, kai ubansa. Aka sake, ya ce Kaka ya shigo da wuri. Na uku ma haka. Yaran suka kama baki. Wata 'yar ƙarama kusa da ni ta ce Baba ka ƙirga biyu a zuciya, haka Malam ya koya mana. Na so in ɗauki ƙahona in tafi gida. Amma na ji ta ce Malam. Na ƙirga biyu.

Aka kai waƙar ƙarshe. Malama Hellen ta daɗe tana rubutu. Ta tambayi yara uku me suka koya, suka amsa. Daga baya ta ce mini ya ci, sai dai dole ya koyi gai da aji da safe, za ta dawo ta ji da kunnenta. Lai'atu ta rubuta masa gaisuwar a takarda, yana maimaitawa ga kaji. Hedimasta kuma ya ce in ya gama kwaleji zai nema a turo masa shi.

Saboda haka ka nemi wani ya zauna maka a shago. Idan kana son ganin ɗanka, aji biyar yake, ƙarfe goma, Talata da Alhamis. Za ka same ni a can, domin ya ce har yanzu ina shigowa da wuri. Ban yarda ba, amma shi ne malami.

Allah ya kiyaye ku. Ga yatsana a ƙasa.

Ubanka,
Kumai