Shin Ƙanin Matata Jabun Magani Ya Ba Ni?

Malam, a taimaka mini da shawara kafin in yi abin da zai raba zumunci.

Ni mai sayar da takalma ne. Da ƙamshi kawai nake gane fata da roba, don haka ba a yi mini wayo a kan kaya. Tsohuwata ce ta kamu da ciwon fitsari, likita ya rubuta mata ƙwayar kashe ƙwayoyin cuta. Na saya a kantin maganin ƙanin matata, wai na gida ya amfana. Ƙwayar ƙatuwa ce, ga ɗaci, ita kuwa Inna dama tana fama da ƙwannafi. Sai na yi dabara: in daka ƙwayar a cokali, in zuba farin maganin ƙwannafinta na ruwa, in ba ta. Ko yamutsa fuska ba ta yi.

Magani ya ƙare, ciwo na nan daram. Na juya kwalin, na shinshina, na kankare tambarin da farce. Ban ga komai ba, amma ai jabu mai kyau haka yake. Na aika wa ƙanin matar tawa saƙo mai zafi. Yanzu matata ajiye mini abinci take yi kamar ta ajiye wa baƙo. Ina shirin zuwa kantin in tona masa asiri gaban masu saye. In je?

Mai Takalma

Mai Takalma, kada ka je. Zarginka ba hauka ba ne, jabun magani na yawo, kuma wanda ya damu da mahaifiyarsa ba a ganin laifinsa. Amma ka shinshina kwali ka manta da cokali.

Farin maganin ƙwannafi yana ɗauke da sinadarai da ke kama wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta tun a ciki, su manne musu, hanji ya kasa tsotse su. Kaɗan ne ke isa jini, sauran su bi bayan gida. Ba duka ke haka ba, amma wasu da ake bayarwa don ciwon fitsari suna ciki. Madara da maganin ƙarin jini ma kan yi hakan. Shi ya sa ake raba su da tazarar sa'o'i, kuma ba kowace ƙwaya ake dakawa ba.

Ka mai da Inna wurin likita yau, da kwalin da kwalbar, ka faɗi yadda kake ba ta. Ciwon fitsari a jikin tsoho yana iya hawa ƙoda.

Shi ma surukin naka ya kamata a ce ya tambayi abin da take sha. Wannan ka iya faɗa masa, a ɗaki, bayan ka ba shi haƙuri. Ka tafi masa da takalmi ƙafa ɗaya, na fata na gaske.

Allah ya ba Inna lafiya, ya huce zuciyar uwar gidanka.